Kyamarar Tsaron Gidanki Ta Mutu? Kafin Ki Sayi Sabuwa, Gano Abin Da Ya Kashe Ta

Kyamarar tsaro ba ta sallama idan za ta mutu. Firji in ya lalace ruwa zai yi ɗumi, nama ya fara wari, kafin yamma kowa ya sani. Ita kuwa kyamara tana nan maƙale a bango, wani lokaci ma ɗan jan haskenta yana kunne da dare, alhali akwatin da ke naɗar hoton ya daina aiki tun makonni. Gidaje da yawa ba sa ganewa sai ranar da aka ɗauke babur a zaure, ko aka haura katanga aka tafi da janareta, ko yaro ya fice ba a san da wa ya fita ba. A ruga a duba, a tarar da allo baƙi ƙirin.

Daga nan sai a kira mai gyara, ya leƙa sama-sama ya ce a sauya komai. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kuwa, kayan da ake shigowa da su sun yi tashin gwauron zabi, kuɗin da ya haɗa wa gida kyamara huɗu shekaru biyar da suka wuce yanzu ba zai kai ko'ina ba. Ga kuɗin makaranta, ga cefane. Sai uwargida ta haƙura, gidan ya zauna haka.

Abin da ya kamata ki sani shi ne, da wuya kayan su mutu gaba ɗaya a lokaci guda. Yawanci abu ɗaya ne ya lalace, kuma sau da yawa shi ne mafi araha a cikinsu. A asibiti ba ma kai mutum ɗakin tiyata sai an auna shi an gano inda ciwon yake. Haka za ki yi wa kyamarar gidanki.

Sassa biyar, kowanne da alamar ciwonsa

Irin haɗin da aka fi yi a gidajenmu yana da sassa biyar: kyamarorin kansu, wayoyin da suka taso daga gare su, adaftar da ke ba su wuta wadda aka rubuta 12V a jikinta, akwatin da ke naɗar hoto wanda masu sana'ar ke kira DVR, sai faifan ajiya da ke cikin akwatin, wato had-dis. Ga yadda za ki gane mai laifin.

Idan duk kyamarorin sun ɗauke lokaci guda amma akwatin yana kunne, yana nuna rubutunsa a allo, to fara zargin adafta. Kyamara huɗu ba sa haɗa baki su mutu rana ɗaya, abin da ke ciyar da su ne ya ƙone.

Idan hoto yana fita lafiya da rana amma da magariba ta yi sai ya fara ɗaukewa yana dawowa, nan ma adafta ce ta yi rauni. Da dare kyamara tana kunna ƙananan fitilunta na gani a duhu, sai ta ƙara jan wuta, adaftar da ta gaji kuma ta kasa.

Idan guda ɗaya ce ta ɗauke, a cire wayarta daga bayan akwatin a soka a ramin wata mai aiki. In hoto ya fito, ramin ne ya lalace. In bai fito ba, a sauko da kyamarar a gwada ta kusa da akwatin da gajeriyar waya. Sau da yawa za a tarar ɓera ne ya gutsire waya a cikin silin, ko ruwan damina ya shiga mahaɗar ta yi tsatsa.

Idan kina ganin hoto kai tsaye amma kin koma neman na jiya babu, ko akwatin yana ta ƙara ƙit-ƙit ba ƙaƙƙautawa, faifan ajiya ne. Wannan shi ne ciwon da ya fi cutar da mutane, domin ido yana ganin hoto a allo, zuciya ta kwanta, alhali ba abin da ake ajiyewa.

Idan kwanan wata yana komawa wata tsohuwar shekara duk lokacin da aka ɗauke wuta, ɗan batir ne mai kamar kwabo a cikin akwatin, galibi mai lamba CR2032. Kuɗinsa kaɗan ne, amma hoton da kwanan watansa ba daidai ba yana rage ƙarfin hujjarki a gaban 'yan sanda.

Idan kuma hoton dare ya yi fari kamar hazo, ɗauko tsumma mai laushi. Ƙurar hunturu da saƙar gizo-gizo a kan gilashin suna mayar wa kyamara haskenta. Har zanzaro yakan gina ɗakinsa a ƙarƙashin hularta.

Riƙe abin da ke da rai

A ce akwatin ne ya ƙone da gaske. Wannan ma bai sa a zubar da sauran ba. Yawancin sababbin akwatunan da ke kasuwa yanzu suna karɓar kyamarori iri-iri, za ki ga an rubuta TVI, CVI, AHD da CVBS a jikin kwalinsu. Ma'ana tsofaffin kyamarorinki da wayoyin da aka riga aka bi da su cikin silin za su iya ci gaba da aiki da sabon akwati. Jan waya da kuɗin aikinsa babban kaso ne na abin da ake caji, don haka duk wayar da ke da lafiya kuɗi ce a hannunki.

Tsohon faifan ma a gwada shi kafin a yar. In kuwa sai an sayi sabo, a nemi wanda aka ƙera don aikin kyamara, kamar WD Purple ko Seagate SkyHawk. Su an yi su ne don rubutu dare da rana ba hutu. Faifan kwamfuta na hannu ya fi araha, amma ba ki san shekara nawa ya yi yana wahala ba, kuma araha ba ta ado. In akwai wuri ɗaya da ba za ki yi tsumulmula ba, to nan ne.

In babu makawa sai sabo

Wani lokaci tsawar damina ko wuta mai ƙarfi takan bi waya ta ƙone komai. A nan hanyoyi uku ne a gaban mai ƙaramin ƙarfi.

Ta farko, a sake irin na da: akwati mai rami huɗu da kyamarori masu waya. Ba ya buƙatar intanet kafin ya naɗi hoto, kuma in tsofaffin wayoyin suna nan, aikin ya yi sauƙi. Dabarar ita ce ki sayi akwati mai rami huɗu amma ki fara da kyamara biyu. Sauran ramukan suna nan suna jiran ranar da hali ya samu.

Ta biyu, ƙananan kyamarorin waifai masu ɗaukar memori, irin su Tapo, Ezviz da Imou. Ba akwati, ba doguwar waya, sai soket kawai da manhaja a wayarki. Sun dace da mai zaman haya, domin ranar tashi sai ki kwance ki jefa a jaka. Illarsu ita ce hoton yana cikin kyamarar, wanda ya ɓalle ta ya tafi da hujjar. Sannan yawancinsu da zangon waifai na 2.4GHz suke aiki, ki tambaya kafin ki biya. Kamfanonin za su yi miki tayin ajiye hoto a intanet da biyan kuɗi wata-wata, amma ba dole ba ne in kina da memori mai kyau.

Ta uku, kyamara mai farantin sola da layin waya a cikinta. Ta dace da bakin get, kango ko gona, inda babu wuta babu waifai. Sai dai da yawansu barci suke yi don adana batir, sai sun ji motsi su farka su ɗauki ɗan gajeren bidiyo, wani lokaci mai sauri ya riga ya wuce. Layin kuma sai ana sa masa data.

Kayan nan duk ana samun su a kasuwannin kayan lantarki, daga Farm Centre da Sabon Gari a Kano, zuwa Banex a Abuja, da Alaba a Legas. Ki tambayi shago uku kafin ki cire kuɗi, ki sa a kunna a gabanki, ki karɓi rasit mai ɗauke da lambar kayan da tsawon garanti.

Wuta ita ce uwar matsala

Ɓarawo ya fi son duhu, kuma a duhun ne kyamarar da ta dogara da wutar gari take barci. Kyamara takwas da ke mutuwa da zarar an ɗauke wuta ba su kai biyu da ke kwana a farke ba. Don haka a raba kuɗin tun farko, a ware na wuta.

Lissafin ba wuya. Kyamara ɗaya takan ja kamar wat 4 zuwa 6 da dare, akwati da faifansa kamar wat 15 zuwa 20. Kyamara huɗu da akwati sun tashi wajen wat 40, wato kusan yunit ɗaya na mita a awa 24. Ƙaramin UPS irin na kwamfuta, mai batir 7Ah a ciki, ba ya riƙe wannan fiye da awa ɗaya da 'yan mintuna. Amfaninsa shi ne cike giɓin da ke tsakanin ɗauke wuta da tayar da inji. Batir babba mai 100Ah kuwa, ko da rabinsa kawai aka sha don kada ya mutu da wuri, zai kai awa 12 zuwa 15. Wanda ke son sola ta riƙe komai dare da rana zai buƙaci faranti na wajen wat 300.

In gidan yana da inbata, a tabbata soket ɗin akwatin da na adafta duka suna kan layinta. Ana yawan samun gidan da aka ɗora akwatin a kan inbata aka manta da adaftar kyamarorin, sai akwatin ya kwana yana naɗar duhu. Kuma kada a jona kayan kai tsaye da batirin da ake caji, domin ƙarfinsa yakan haura 14V. Akwai akwatin raba wuta na kyamara mai gurbin batir, wanda ke daidaita ƙarfin, shi za a nema.

Sai kariya. Lokacin da aka dawo da wuta da lokacin da ake juyawa daga inji su ne suka fi kashe adafta. Na'urar kariya irin wadda ake sa wa firji, mai jinkirta wuta na ɗan lokaci kafin ta sake ta, ba ta kai kuɗin kyamara ɗaya mai kyau ba. In ba a sa ta ba, abin da ya kashe tsohon zai kashe sabon. Rigakafi dai ya fi magani.

Kwana nawa hoton zai zauna?

Kyamara mai 1080p, in tana naɗa ba tsayawa a matsakaicin inganci, takan ci wajen 20GB a rana. Guda huɗu sun ci 80GB ke nan, faifai mai 1TB zai cika cikin kwana 12 ko ƙasa da haka, daga nan sabon hoto ya fara hawa kan tsoho yana goge shi. In aka saita ta naɗa sai ta ga motsi, kwanakin za su ƙaru sosai. Memori mai 128GB a kyamarar waifai yakan kai kusan mako. Jabun memori sun cika kasuwa, a jiki an rubuta 128GB, a ciki ba su kai ba. Saya a shagon da za ki iya komawa, ki nemi wanda aka yi don kyamara.

Kallon gida ta waya daga wurin aiki ma yana da lissafi. A babban inganci awa ɗaya tana iya cin kusan 900MB, a ƙaramin inganci kuwa kamar kashi ɗaya cikin huɗu na hakan. Ki bar manhajar a kan ƙarami, sai kin ga abin da ya ɗaure miki kai ki ɗaga.

Ina za a kafa su?

Ta farko a ƙofar shigowa, tana kallon fuskar mai shigowa. Ta biyu a ɓangaren katangar da ya fi sauƙin haurawa, ko inda ake ajiye mota, babur da inji. Tsayin mita biyu da rabi zuwa uku ya isa. In aka kai ta can ƙoli, hula da ƙeya kawai za ki riƙa gani. Kada ta fuskanci fitowar rana ko fitila mai ƙarfi, fuskar mutum za ta koma inuwa. Ta waje ta kasance mai lamba IP66 ko IP67, wato mai jure ƙura da ruwa, wayoyinta kuma a zura su cikin bututun roba saboda rana da ɓeraye.

Akwatin kansa kada a ajiye shi a ƙarƙashin talabijin ɗin falo, domin nan ɓarawon da ya san hannunsa zai fara dubawa. A ɓoye shi, amma a wurin da iska ke ratsawa. Zafin bazara a Kano, Sakkwato da Maiduguri yana haura digiri 40, faifan da aka kulle a cikin durowa ba zai yi tsawon rai ba.

Wa ke kallon tsakar gidanki?

Wannan ɓangaren ya fi duk na baya muhimmanci ga mace. Kyamarar da aka haɗa da intanet taga ce, duk mai riƙe da kalmar sirrinta yana iya leƙowa. A shekarar 2014 an gano wani shafin intanet da ke nuna hotuna kai tsaye daga dubban kyamarori a ƙasashe daban-daban, har da na cikin ɗakuna, don kawai masu su ba su sauya kalmar sirrin da ta zo daga kamfani ba. A 2016 kuma wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kama ɗimbin kyamarori da akwatunan DVR da jerin kalmomin sirri kusan 60 na kamfani, aka yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafuka irin su Twitter da Netflix a sassan Amurka.

Na kusa ma abin lura ne. Masu haɗa kyamara da yawa sukan yi wa kayan rajista da asusunsu, su ba mai gida izinin kallo kawai. Ko da mutumin kirki ne, wayarsa tana iya ɓata, yaran shagonsa suna iya ɗauka. Ki dage a buɗe asusun da lambarki ko ta maigida, a gabanku. Yana fita ku sauya kalmar sirrin, ku duba jerin waɗanda aka ba izini ku goge wanda ba ku sani ba. In kyamarar ta hannu ce, a tabbata tsohon mai ita ya cire ta daga asusunsa kafin a biya, in ba haka ba ba za ta karɓi naku ba.

Ɗakin kwana, banɗaki da ɗakin 'yar aiki ba wurin kyamara ba ne. In za ki sa a falo ko kicin saboda yara, ki gaya wa mai rainon a fili tun ranar farko. Wadda ta san da ita za ta kiyaye, mai gaskiya kuma hoton zai wanke ta ranar da aka yi mata ƙazafi. Mai gidan bene kuma ya lura kada kyamararsa ta faɗa tsakar gidan maƙwabta, inda mata ke aikinsu ba mayafi. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin mutum da na gidansa, kuma yawancin akwatunan suna da hanyar rufe wani ɓangare na hoton da baƙin tabo.

Ranar da wani abu ya faru, a kwafe bidiyon a filash nan take kafin a goge shi, a kai wa 'yan sanda. A guji watsa fuskar wanda ake zargi a WhatsApp da Facebook. Hoton dare yana kama da mutane da yawa, kuma mun san abin da taron jama'a ke yi wa wanda aka nuna da yatsa.

Gargaɗi uku saboda yara

Ɗan batirin nan mai kamar kwabo, in an sauya shi, kada a bar tsohon ko sabon a inda hannun yaro zai kai. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, yana iya ƙone hanyar abinci cikin awa biyu. Kada a sa shi amai, kada a jira a ga alama, a tafi asibiti nan take a faɗi abin da ya haɗiya.

Wayar kyamarar ɗakin yara ta yi nesa da gadon jariri da aƙalla mita ɗaya, a manne ta da bango. Jaririn da ya fara rarrafe yana iya naɗe ta a wuya.

Babban batir mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji. A ajiye shi inda iska ke shiga, nesa da risho da tukunyar gas, ba a ɗakin da ake kwana ba.

Sannan mu masu aikin kwana mu tuna: kyamara tana gani ne kawai, ba ta da hannu. Ba za ta janye yaro daga bakin rijiya ba, ba za ta ɗaga tsohuwar da ta faɗi ba. Tare da ita dole a samu babba a gida, da lambar maƙwabciyar da za ta iso cikin minti biyu.

Yadda za ki jera kuɗin

Fara da biyan mai gyara kuɗin dubawa kawai, ki ce ya gwada kowane sashe ya nuna miki wanda ya mutu. In zai yiwu, mai dubawa ya zama daban da mai sayarwa. Bayan nan sai na'urar kariya da abin da zai riƙe wuta. Sai sashen da ya lalace. Sai faifai ko memori na gaske. Ƙarin kyamarori su ne na ƙarshe. Duk abin da aka cire kuma a miƙo miki shi a hannu, kada ya bi jakar kayan aiki.

Kafin mai aikin ya karɓi cikon kuɗinsa, a yi gwaji uku. A kashe wutar gidan a ga ko hoto ya tsaya. A sa wani ya shigo ta ƙofa bayan magariba a ga ko ana gane fuskarsa. Sannan ke da kanki, ba shi ba, ki nemo bidiyon minti goma da suka wuce ki kunna.

Daga nan ki zaɓi rana ɗaya a mako, ko Asabar da safe bayan shara. Ki buɗe bidiyon daren jiya na minti ɗaya, ki duba agogon da ke kusurwar hoton ko ya yi daidai da na wayarki, ki sa a goge gilashin. Aikin minti biyar ne, kuma shi ne zai sa ki riga ɓarawo sanin cewa kyamarar ta tsaya. Allah ya tsare mana gidajenmu da zuri'armu.